Tankin matsi a cikin sanyi: farantin da doka ta yafe wa gwaji, ko wanda aka buga aka gani?

Duk wanda zai ba da odar farantin ƙarfe don ƙera tankin matsi da zai yi aiki a sanyi, hanyoyi uku ne a gabansa. Ko ya sayi ƙarfen kabon na yau da kullum ya nemi dokar ƙira ta yafe masa gwajin bugu, ko ya sayi faranti daidaitacce, wato wanda aka mayar wuta aka gyara ƙwayoyin cikinsa, ya biya a yi masa wannan gwajin bugu da ake kira Charpy tun daga masana'anta har kan walda, ko kuma ya bar ƙarfen kabon gaba ɗaya ya koma mai nikel ko sitenles. Kowace hanya tana da muhallinta, kuma kuɗin da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ne. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukar hanyar farko a matsayin ta kowa da kowa, alhali ita ce ta fi bukatar a san tankin ciki da waje kafin a bi ta.

Ƙarfen kabon yana da hali biyu. Da ɗumi, in ka ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa, sai ya miƙe, ya kumbura, ya fara yoyo, ya ba ka lokacin da za ka rufe bawul. In ya yi sanyi ya wuce wani mataki, sai gautsi ya shige shi: ƙaramar tsaga a gefen walda ta isa ta keta bangon tankin daga wannan kai zuwa wancan cikin ƙiftawar ido, kuma matsin da ke ciki bai ma kai wanda aka ƙera tankin dominsa ba. Matakin da halin ke sauyawa ba ɗaya ba ne ga kowane faranti. Kauri yana ɗaga shi, domin ƙarfe mai kauri ba ya samun sararin miƙewa a bakin tsaga. Manyan ƙwayoyin ciki suna ɗaga shi, yawan kabon ma haka, manganis da nikel kuwa suna saukar da shi. Ragowar ja da walda ke bari a jikin ƙarfe shi ke ba tsagar ƙarfin tafiya.

An koyi wannan darasi da tsada a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da jiragen ruwan Amurka da aka haɗa da walda suka riƙa tsagewa a ruwan sanyi. Jirgin dakon mai Schenectady ya rabe biyu a Janairun 1943 yana tsaye a tashar Portland, babu hadari babu igiyar ruwa. Da aka gwada farantan da tsaga ta fara daga cikinsu, sai aka ga ƙarfin bugun da suke iya sha ƙanƙane ne ƙwarai a sanyin da suka karye. Daga wannan bincike aka samo adadin jul 20 (jul shi ne ma'aunin ƙarfin bugun) da har yau yake yawo a dokokin ƙira.

Gwajin kansa, wanda ke ɗauke da sunan Georges Charpy tun 1901, ba shi da wuyar fahimta. Ana yanko ɗan sanda mai tsawon milimita 55, faɗi da kauri 10 da 10, a yi masa tsaga mai siffar V zurfin milimita 2 a tsakiya. A tsoma shi cikin ruwan sanyaya har ya kai sanyin da ake so, a ɗauko da hantsaki a aza kan inji, a saki guduma mai lilo cikin daƙiƙa biyar kafin ya fara ɗumi. Gudumar ta karya shi ta wuce, kuma gwargwadon yadda ta kasa hawa ɗaya ɓangaren shi ne ƙarfin da sandan ya sha. Ka ɗauki gutsattsarin biyu ka duba fuskar karayar: in ƙarfen yana da danƙo za ka ga fuskar ta yi toka-toka, ta yage, gefunanta sun kumbura; in gautsi ne za ka ga ta yi sumul tana ƙyalli kamar fasasshen gishiri. Uku ake bugawa a jere. A sashen UG-84 na dokar ASME, wato dokar ƙera tankunan matsi ta ƙungiyar injiniyoyin Amurka, kashi na VIII rukuni na 1, matsakaicin ukun dole ya kai adadin da jadawali ya ba ƙarfen gwargwadon ƙarfinsa da kaurinsa, mafi ƙaranci jul 20, kuma ba a yarda ko ɗaya ya faɗi ƙasa da kashi biyu bisa uku na wannan adadi ba.

Kafin a yi maganar faranti sai an tsayar da lamba ɗaya, wato mafi ƙarancin zafin da ƙarfen zai gani yana ɗauke da matsi, abin da ake bugawa a allon sunan tanki da haruffan MDMT. A nan ake yawan yin tuntuɓe. Mutum ya duba sanyin gari ya rubuta, ya manta cewa abin da ke cikin tankin yana iya sanyaya kansa. Furofen in aka sauke masa matsi zuwa na sarari yana tafasa a -42°C, amoniya a -33°C, furofilin a kusan -48°C. Bawul ɗin tsaro ya buɗe, ko a zubar da matsi da gaggawa, bangon tankin zai bi ruwan da ke tafasa zuwa wannan sanyi ko da ana tsakar zafin rana. A masana'antar gas ta Longford da ke jihar Victoria a Ostareliya, ranar 25 ga Satumba 1998, famfon mai mai zafi ya tsaya, wata na'urar musayar zafi ta yi sanyi har wajen -48°C, sannan aka sake turo mata mai mai zafi. Ta tsage nan take, mutum biyu suka mutu, takwas suka ji rauni, jihar ta yi kusan mako biyu babu gas. Ba a ƙera na'urar don wannan sanyi ba, domin a aikinta na kullum ba ta ganin sa.

Hanyar yafiya tana cikin sashen UCS-66 na dokar ASME. Dokar ta kasa ƙarafa gida huɗu, A da B da C da D, kowane gida da layinsa a kan zane: ka ba shi kauri, ya ba ka sanyin da za ka iya kaiwa ba tare da gwaji ba. Gidan A na ƙarafan da ba a san su da juriya ba ne, irin SA-515 mai daraja 70. Farantin da kowa ya fi saye, SA-516 mai daraja 70, yana gidan B in ɗanye ne kamar yadda ya fito daga injin murzawa. In aka daidaita shi, wato aka mayar da shi wuta zuwa wajen 900°C aka bar shi ya huce a iska har ƙwayoyinsa suka ƙanƙance, sai ya tsallaka zuwa gidan D. Sinadarin bai canja ba, lambar da ke jikin farantin ma kusan ɗaya ce, amma dubi tazarar. A kaurin milimita 13, gidan B yana tsayawa wajen -22°C, gidan D ya kai -48°C. A milimita 25, gidan B yana wajen -1°C, gidan D yana wajen -34°C. A milimita 50 gidan D kansa ya dawo wajen -20°C. Digiri talatin da ɗoriya ke nan a milimita 25 tsakanin ɗanye da daidaitacce, a kan kuɗin shiga tanderu sau ɗaya. Shi ya sa nake ganin tsimin da ake yi wajen sayen ɗanyen faranti shi ne tsimi mafi rashin riba a duk harkar. Sama da milimita 40 ma babu zaɓi, ƙa'idar SA-516 da kanta ta ce a daidaita.

Akwai ƙofofi uku da ake faɗaɗa yafiyar da su, kuma kowace tana da sharaɗin da ake son mantawa.

Ta farko ita ce UG-20(f). Ta yarda ƙarfen kabon na gidan B ko C ko D mai kaurin da bai wuce milimita 25 ba ya yi aiki har -29°C babu gwaji, na gidan A kuwa milimita 13, matuƙar an yi wa tankin gwajin ruwa, zafin ƙirarsa bai wuce 345°C ba, kuma girgizar zafi ko bugu ko hawa da saukar matsi a kai a kai ba su ne ke mulkin ƙirar ba. Lura da abin da wannan ke nufi. Ɗanyen faranti mai milimita 25, layin B ya ce masa -1°C, wannan sashe ya ce -29°C. In lissafi ya tura ka zuwa milimita 28, ƙofar ta rufe, ka koma sama da sifili. Ƙarfen bai san da wannan iyaka ba. Yafiyar ta ginu ne a kan shekarun da irin waɗannan tankuna suka yi suna aiki lafiya, kuma wanda yake dab da bakin iyakar ya kamata ya san cewa tarihin wasu tankuna yake jingina da shi, babu wanda ya auna farantinsa.

Ta biyu ita ce rangwamen ƙarancin nauyi. In kaurin da ake bukata a matsin da ke akwai lokacin sanyin bai kai kaurin da ke jikin tankin ba, bayan an cire rarar tsatsa, zanen UCS-66.1 yana ba da ƙarin digiri. Kaso 0.8, wato in kaurin da ake bukata kashi takwas ne bisa goma na wanda ke jikin tankin, yana ba da kusan digiri 11. In kason ya sauka zuwa 0.35 ko ƙasa, ana iya kaiwa -105°C babu gwaji. Ɗauki tankin furofen da aka ƙera don matsin bar 17 (bar ɗaya kusan matsin iskar sarari ne). A sifili, tururin furofen bai wuce bar 4 a kan geji ba, a -42°C kuwa allurar geji tana kwance. Ma'ana duk lokacin da tankin ya yi sanyi, matsin ma ya faɗi, kason yana ƙasa da 0.35, kuma a takarda ɗanyen faranti ya wuce. Lissafin daidai ne muddin furofen ɗin ne kaɗai ke yin matsin. To amma ranar da aka zubar da matsi, bango ya yi raɓa ya daskare, sai mai aiki ya buɗe layin naitirojin don ya kore ragowar, ko famfo ya turo kaya daga sama kafin ƙarfen ya dawo hayyacinsa? A wannan sa'a ga cikakken matsi ga cikakken sanyi. Kuma rangwamen bai rage nauyin da bututu ke ja a bakin nozul, inda yake haɗuwa da tanki, ba, bai taɓa ragowar jan walda ba. Duk wanda zai dogara da wannan ƙofa sai ya tabbata akwai abin da zai hana a ɗora matsi a kan ƙarfe mai sanyi, kuma abin ya zama na'ura mai kulle bawul da kanta. Takardar gargaɗi a bango ba ta isa ba, shekara ashirin nan gaba babu wanda zai tuna dalilin manna ta.

Ta uku ita ce gashin bayan walda. Sashen UCS-68(c) ya ce in aka gasa tankin ƙarfen kabon a wajen 595°C alhali doka ba ta tilasta ba, a rage digiri 17. Wannan rangwame na fi yarda da shi, domin aiki ne na zahiri aka yi wa ƙarfen, an sassauta jan da walda ta bari. Sai dai in kaurin ya wuce milimita 38 gashin ya zama dole, rangwamen kuma ya tafi.

Hanyar gwaji tana da sauƙin faɗa: SA-516 mai daraja 70, daidaitacce, a buga shi a sanyin MDMT ko ƙasa da shi. Masana'antu sun saba ba da shi da gwaji a -46°C in kaurin bai wuce milimita 25 ba, kuma sanyin da suke ɗaukar alkawari yana raguwa yayin da kauri ke ƙaruwa. In ana son rata mai yawa, SA-537 aji na 1 ya fi shi juriya da ƙarfi. Ƙarin kuɗin farantin ba shi ne abin tsoro ba. Inda kuɗi da lokaci ke tafiya shi ne shagon walda. Da zarar faranti ya shiga gwaji, tsarin waldar ma ya shiga: a yi farantin gwaji, a yanko sanduna daga naman waldar da kuma gefen da wuta ta lasa, a buga su su ma. Daga nan abubuwan da a da mai walda ke sarrafawa yadda ya ga dama sun zama ƙa'ida a kashi na IX na dokar. Ba zai ƙara zafin da yake zubawa fiye da wanda aka gwada ba, ba zai bar ƙarfen ya yi zafi fiye da kima tsakanin zubi da zubi ba. Mai walda da ya saba cika tsagi da zubi uku masu kauri yana kaɗa hannu hagu da dama, yanzu sai ya yi siraran zubi da yawa, kowanne yana gyara ƙwayar na ƙarƙashinsa. Sandar walda ma ta canja: E7018 an gwada ta a wajen -29°C, E7018-1 kuwa a wajen -46°C. A wasu lokutan kuma sai an haɗa ƙarin faranti a ƙarshen doguwar waldar tankin kansa, a yi masa walda tare, a yanke a kai ɗakin gwaji.

Kada wanda ya tsere wa gwajin faranti ta layin D ya ɗauka ya tsere wa wannan duka. Sashen UCS-67 ya ce in MDMT ta yi ƙasa da -29°C, sai an gwada tsarin waldar ko kuma a yi amfani da sandar da aka riga aka tantance da gwajin bugu a wannan sanyi. Hikimar a fili take, domin tsaga daga walda take tasowa a mafi yawan lokuta.

Abin da ka saya da wannan wahala shi ne sani. Layin yafiya yana faɗa maka yadda ƙarafan gidan suka saba zama, gwaji yana faɗa maka yadda naka farantin da taka waldar suke. Farantin zamani mai tsabta, mai ƙarancin sulfa, sau da yawa yana ba da ninkin adadin da doka ta nema, kuma in ka ga sakamako yana lilo dab da jul 20, ko ɗaya ya yi sama sosai ɗaya ya faɗi, to ƙarfen yana bakin sauya hali ne, kuma gara ka ji wannan labari daga ɗakin gwaji.

Tanki kuma ba bango kaɗai ba ne. Kowane ɓangare ana duba shi da kaurinsa da gidansa, wanda ya fi kowa rauni shi ke yanke MDMT ta tankin duka. Sau nawa ake kashe kuɗi a kan faranti mai kyau sannan a liƙa masa filanjin SA-105, wato zoben da ake ɗaure bututu da shi, da bututun SA-106? An sha samun filanjin SA-105 masu manyan ƙwayoyi da suka kasa gwaji a sanyin da ake zaton sun fi ƙarfinsa, har bugun dokar na baya-bayan nan suka tsananta wa wanda ba a daidaita ba. In tankin zai sauka ƙasa da -29°C, abokan tafiyar farantin su ne SA-350 LF2 aji na 1 a filanji, SA-333 daraja 6 a bututu, SA-420 WPL6 a gwiwoyi, dukansu ana gwada su tun daga masana'anta a wajen -46°C. Ni ko a tsakanin -18°C da -29°C, in filanjin mai kauri ne, LF2 zan rubuta.

Hanya ta uku ba ta bukatar dogon zance. Ƙasa da -48°C layukan yafiya sun ƙare, ƙarfen kabon kuma yana dab da ƙarshen iyawarsa ko da gwaji. Mai nikel kashi 3.5 cikin ɗari, SA-203, yana kaiwa wajen -101°C. Mai kashi 9 yana kaiwa -196°C, shi ne na gas ɗin da aka mayar ruwa a -162°C. Shi ma nikel yana da iyaka: tankin irin wannan gas da ya fashe a Cleveland ta Amurka a Oktoban 1944 ya kashe mutum sama da 120 an yi shi ne da mai kashi 3.5. Sitenles 304 ba ya sauya hali da sanyi kamar ƙarfen kabon, kuma ga ƙaramin tanki mara kauri yakan fi arha in aka haɗa kuɗin gwaje-gwaje, gashi da fenti. Ga babban tanki mai kauri kuwa farashinsa yana gudu, kuma in akwai kilorayid da ɗumi yana da irin tasa tsagewar.

Wanda tankinsa zai tafi ƙasashen Tarayyar Turai yana da ƙarin abin dubawa. Dokar kayan matsi ta 2014/68/EU ta ɗauki jul 27 a matsayin ma'auni, a zafin da bai wuce 20°C ba kuma bai fi mafi ƙarancin zafin aiki ba, sai dai in an nuna tsaro ta wata hanya. Ƙa'idar EN 13445 ta gina lissafinta a kan ƙarfen da aka riga aka gwada, irin P355NL1 a -40°C da P355NL2 a -50°C. Ɗanyen farantin da ASME ta yafe wa gwaji yana iya isa can ya tsaya babu takardar da za ta wuce da shi, kuma gwada faranti bayan an naɗe shi an yi masa walda aiki ne mai ɗaci.

In aka tambaye ni, ga yadda nake rabawa. Tankin iska ko na ruwa, sirara, wanda abin da ke cikinsa ba ya sanyaya kansa kuma ba zai ga ƙasa da -29°C ba, ya bi yafiya da kwanciyar hankali, kashe kuɗin gwaji a kansa ɓarna ce. Da zarar kauri ya kusanci milimita 25, a daidaita farantin ko da doka ba ta ce ba. In kuwa akwai gas mai ruwa a ciki, ko abu mai guba ko mai kama wuta, kuma lissafin yafiyar bai tsaya ba sai da aka jingina shi da kason 0.35, to a sayi daidaitacce, a buga shi a -46°C, a gwada waldar, a haɗa da LF2. A odar kuma a rubuta sanyin gwajin, adadin jul, da cewa a yanko sandunan a karkace da hanyar murzawa, domin ta nan faranti ya fi rauni. In za a gasa tankin, a nemi sandunan su sha irin wannan gashi kafin a buga su, saboda doguwar wuta tana iya rage juriyar da takardar masana'anta ta nuna.

Zaɓin yana bin tankin har ranar gwajin ruwa, lokacin da za a ɗora masa ninki 1.3 na matsin aikinsa, nauyin da wataƙila ba zai sake ɗauka ba. Dokar ta ba da shawara ƙarfen ya kasance aƙalla digiri 17 sama da MDMT a wannan rana. Tankin da MDMT ɗinsa take -34°C kowane ruwa ya yi masa. Mai kauri na gidan A ko B, wanda layinsa ya tsaya a 15°C ko 20°C, sai an ɗumama masa ruwa ya wuce 30°C, kuma a auna zafin bangon kansa, kada a tsaya ga na ruwan. A Disamban 1965 a Ingila, wani tankin amoniya mai kaurin kusan milimita 150 ya tarwatse yayin irin wannan gwaji a sanyin hunturu, kafin ya bar masana'antar da ta ƙera shi, kuma binciken ya gano ƙananan tsagogi a gefen walda da gashin da bai kai zafin da ya kamata ba.